Muhammad, Mohammed, Abba: Yaro Ɗaya, Takardu Uku

A unguwar Kinkinau da ke Kaduna, kamar maƙwabtanta Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, lokacin rajistar JAMB lokaci ne na tonon silili. Tun daga 2021 da hukumar ta wajabta lambar NIN ga mai son rubuta jarrabawarta, ɗalibi kan isa shagon kwamfuta ya tarar ashe shi mutum uku ne: Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a ta firamare, Abba a wurin hukumar katin ɗan ƙasa. Daga nan sai zaryar kotu neman takardar rantsuwa, da kuɗin gyara, da jiran da ka iya cinye wa yaro shekara. Akan ɗora laifin a kan sakacin iyaye ko gaggawar masu rajista. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma tushen ya fi haka nisa. Sunayenmu na Larabci ne da na Hausa, muna kuwa rubuta su da ɗabi'ar Turanci, harshen da bai taɓa ɗaure sauti ɗaya ga rubutu ɗaya ba.

Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, daidai zamanin da furucin dogayen wasulan harshen ke sauyawa. Rubutu ya daskare a kan takarda, baki kuwa ya ci gaba da tafiya. Shi ya sa meet da meat, waɗanda a da furucinsu ya bambanta, yau kunne ba ya raba su, haka ma see da sea. Harafin k na knight a da ana furta shi. Da aka daina, sai kalmar ta zama tagwayen night a baki. Turawan ma da kansu suna tuntuɓe tsakanin their da there. Yaron Kaduna kuma an ƙara masa wani nauyin, domin Hausa ba ta raba p da f, sai pan da fan su zame masa abu guda. Darasin da yake kwasa daga wannan duka, ko ba a faɗa masa ba, shi ne sauti ɗaya yana da riguna da yawa. Ran da ya girma ya zauna gaban kwamfutar rajista, Habiba ta koma Habeeba, Mahmud ya zama Mahmood, Sadiƙu ya rabu gida uku: Sadiq, Sadik, Sadeeq.

Abin takaicin shi ne bokon Hausa yana da ƙa'idar da za ta raba gardama. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun a 1912, aikin Rupert East a Zariya ya zaunar da haruffa masu lanƙwasa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su tun daga 1939. Sai dai takardun hukuma sun ci gaba da zama na Turanci. Can ne Sakkwato ta zama Sokoto, can ne Ɗanladi ke rasa lanƙwasarsa, Mu'azu da Sa'adatu su rasa alhamzarsu. Ba wai bokon ba shi da nasa gurbin ba. Tunda ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, garin zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Amma wannan bai cika taɓa suna ba.

Sai kuma laƙabi, wanda a gidan Bahaushe ba wasa ba ne, tarbiyya ce. Idan aka sa wa yaro sunan kakansa, iyaye ba za su iya kama sunan ba, sai a yi masa alkunya da Abba ko Baffa, yarinya kuma Ummi ko Walida. Wasu sunayen tarihin haihuwa suke ɗauke da shi: Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Talatu da Jummai da Ɗan'asabe 'ya'yan ranaku. Irin wannan suna kan danne na yanka har a manta da shi. Gwamnan Kaduna na 1979 zuwa 1981 sunansa Abdulƙadir, amma duniya Balarabe Musa ta sani. To idan yayar yarinya ce ta kai ta makaranta, malam ya tambayi suna, me za ta ce in ba Ummi ba?

Wani zai ce ai duk ɗaya ne, Muhammad da Mohammed wa ya raba su? Mutum ba zai raba ba, amma na'ura harafi take ƙirgawa, kuma tun da aka shigo da BVN a 2014 ita ke tsaron ƙofar banki. Ko a shari'ar zaɓen 2019, lauyoyin masu ƙara sun tayar da batun cewa takardar sakamakon makarantar shugaban ƙasa na wancan lokaci ba sunansa Muhammadu ke rubuce a kanta ba. Kotu ta kori ƙarar, amma shugaban ƙasa yana da manyan lauyoyi, ɗan mai shayi kuwa ba shi da kowa sai mai shagon kwamfuta.

Wani kuma zai ce to a hana laƙabi, a tilasta wa kowa rubutu ɗaya. Wannan ya wuce gona da iri. Hadiza ba kuskuren Khadija ba ce, yadda sunan ya zauna a bakin Hausawa ke nan, kamar Mamman da Audu da Garba. Ba a bukatar duk masu suna ɗaya su rubuta shi iri ɗaya. Mutum ɗaya ne ya kamata ya tsaya ga rubutu ɗaya. A tsayar da shi tun makon suna, a kai wa Hukumar Ƙidaya ta ba da takardar haihuwa, daga nan kowane malami da mai rajista ya kwafa daga takarda, ba daga baki ba. Hukumomi kuma da sauran aiki a gabansu: ƙ da ɗ da ɓ sun daɗe a tsarin haruffan kwamfuta, kuma ƙara layin laƙabi a fom ɗin shiga makaranta bai fi ƙarfin hukumar ilimin firamare ta kowace jiha ba.