Me Ya Hana Gidajen Masana'anta Karɓuwa A Malanville?

Duk lokacin da kogin Kwara ya yi ambaliya a Malanville da Karimama, kamar yadda aka gani a 2010 da 2012, gidajen ƙasa ne ke fara zubewa. Nan da nan sai a ta da zancen gidajen da ake ƙera bangonsu da rufinsu a masana'anta, a kawo a harhaɗa cikin 'yan kwanaki. To me ya hana su karɓuwa?

Da farko akwai nisa. Daga Kwatano zuwa Malanville ya haura kilomita 700, jirgin ƙasa kuma iyakarsa Parakou. Kamfanonin siminti, irin su na Onigbolo, duk suna kudu. Bangon kankare kuwa nauyi gare shi, ga dokar ƙungiyar UEMOA ta 2005 da ta ƙayyade lodin tirela. In an iso ma sai an nemi injin ɗaga kaya, alhali buhun siminti ɗan dako ke saɓa shi.

Amma babban cikas shi ne yadda jama'a ke gini. Manomin albasa ko ɗan kasuwa ba ya gina gida a zama ɗaya. Bana ya buga bulo, baɗi ya kai ginin linta, in kaka ta yi kyau ya sayi kwano. Ginin shi ne asusunsa. Masana'anta kuwa kuɗinta take so dunƙule, kuma banki ba ya ba da rance ga wanda ba shi da takardar fili. Birkilan unguwa ana iya cin bashinsa, ya dawo gyara bayan damina.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. A 1949 Bafaranshe Jean Prouvé ya ƙera gidan ƙarfe da alminiyum, aka kai shi Yamai ta jirgin sama. An yi wasu biyu a Brazzaville a 1951, daga nan maganar ta mutu saboda ya fi ginin gida tsada. A 2000 aka kwance su aka mai da Faransa, a 2007 kuma aka yi gwanjon ɗaya a Amurka kan dala miliyan 5 ba kaɗan.

Abin da ya samu shiga a garuruwan kan iyaka shi ne kwantena, wadda ake yanka wa ƙofa ta zama shago ko ofis. Sai dai a zafin Afrilu, mai shagon a inuwar waje yake wuni.