Kalkuletar Bashin Gida Ta Iya Lissafi, Amma Ba Ta San Aljihunka Ba

Duk magidancin da mai gida ya taɓa aiko masa da saƙon ƙarin kuɗin haya ana saura wata biyu shekara ta cika, ya san abin da ke sa mutum ya fara tunanin cin bashi don ya mallaki nasa muhallin. A da, mai wannan niyya sai ya je banki ya zauna gaban ma'aikaci a buga masa lissafi, ya fito bai fahimci rabinsa ba. Yanzu kuwa bankunan bayar da lamunin gidaje da kamfanonin gine-gine da dama sun sa kalkuleta a shafukansu na intanet. Gurabe uku ne za ka cike a wayarka: nawa kake so ka ranta, kashi nawa ne kuɗin ruwa a shekara, shekara nawa za ka yi kana biya. Kana dannawa sai ta fito maka da abin da za a riƙa cira duk wata. Abu ne mai amfani ƙwarai, kuma ina ganin bai kamata kowa ya sa hannu a takardar bashi ba tare da ya gwada shi ba. Sai dai mutane da yawa na karanta amsar da ta ba su a karkace.

Mu ɗauki bashin Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Shi ne asusun da ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci ana zubawa, kuma wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi na iya neman rance ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, zuwa tsawon shekara 30. Ka sa naira miliyan 10 a kalkuleta, kashi 6, shekara 30. Za ta ce maka kusan naira 60,000 a wata. Nan ne idon yawancinmu ke tsayawa, mutum ya ce ai wannan bai fi kuɗin hayar da nake biya ba. Amma ka ɗan gangara ƙasa, akwai wani layi da ke nuna jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe. Wajen naira miliyan 21 da dubu 600 ne. Wato kuɗin ruwan kaɗai ya fi uwar kuɗin.

Akwai kuma jadawalin biya wata bi wata, wanda kalkuleta mai kyau kan nuna idan ka nema. A watan farko, cikin 60,000 ɗin nan, naira 50,000 cur kuɗin ruwa ne. Abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai 10,000 ba. Bayan shekara goma kana biya ba fashi, ka zuba sama da miliyan 7, amma har yanzu ana bin ka kimanin miliyan 8 da dubu 400. Ba zamba aka yi maka ba, haka tsarin yake: ana lissafa ruwan ne a kan abin da ya rage a kanka, kuma a farko abin da ya rage ɗin shi ne kusan duka. Wanda bai san wannan ba shi ne ke zuwa banki bayan shekara takwas yana tada jijiyar wuya, wai ina kuɗinsa suka shiga.

Yanzu ka canza shekarun kawai, ka mayar da su 20. Biyan wata zai hau zuwa kusan 71,600, jimilla kuma ta sauko zuwa miliyan 17 da dubu 200. Ƙarin da bai kai 12,000 a wata ba ya tsirar maka da fiye da miliyan 4. Irin wannan gwajin shi ne babban amfanin na'urar, don kana iya jujjuya alƙaluman sau ashirin a ɗakinka ba wanda ke hanzarta ka.

Matsalar ita ce ba kowa ke samun kashi 6 ba. Kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ke ɗora ma'auninsa a kai ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, don haka ba abin mamaki ba ne bankin kasuwanci ya nemi sama da kashi 20 a bashin gida. Gwada miliyan 10 ɗin nan a kan kashi 24. A shekara goma, biyan wata kusan 220,500 ne, jimilla miliyan 26 da rabi. Ka ce bari a tsawaita zuwa shekara 20 don a samu sauƙi: biyan wata zai sauko ne kawai zuwa kusan 201,700, jimilla kuwa ta haura miliyan 48. Sauƙin 19,000 a wata, a kan ƙarin miliyan 22. Idan ruwan ya yi tsada haka, tsawaita lokaci ba rangwame ba ne, kuma duk wanda ya tallata maka shi a matsayin rangwame bai kyauta maka ba.

Ga wani tarko da ake yawan faɗawa. Idan ka rubuta neman kalkuleta a Google, waɗanda ke fara fitowa galibi na Amurka ne ko Indiya ko Ingila. Na Amurka sukan zo da kuɗin ruwansu na kashi 6 ko 7 an riga an cike, da gurbin harajin gida da inshora irin na tsarinsu. Na Indiya kuma da lakh da kuror suke ƙirge, har wurin da suke sa waƙafi a lamba daban yake da namu. Lissafin kansa ɗaya ne a ko'ina, ana iya amfani da su, amma sai ka goge duk abin da ka tarar a guraben ka sa alƙaluman da bankinka ya ba ka a rubuce.

Ka kuma tambayi mai ba da bashin yadda yake lissafa ruwansa. Kusan duk kalkuletar intanet na ɗauka cewa ruwan yana raguwa ne yayin da bashin ke raguwa. Amma wasu masu gine-gine da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata suna ɗora ruwan ne a kan cikakkiyar uwar kuɗin tun daga shekarar farko har ta ƙarshe. Kashi 10 a kan miliyan 10 na shekara goma, a tsari mai raguwa, jimillarsa ba ta kai miliyan 16 ba. A tsarin da ba ya raguwa miliyan 20 ce daidai. Dukansu biyu "kashi goma" za a ce maka. Haka nan akwai bashin da ruwansa a tsaye yake, akwai wanda yarjejeniya ta ba banki damar ɗaga shi idan kasuwa ta canza. Idan naka irin na biyun ne, ka ƙara kashi 3 ko 4 a kalkuletar ka ga ko za ka iya ɗauka.

Sai batun cancanta, inda na'urar ke tambayar albashinka ta faɗa maka iyakar abin da za a iya ranta maka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum ke samu. Mai albashin 180,000 ke nan zai iya biyan 60,000, kalkuleta ta taya shi murna ta ce ya cancanci miliyan 10. To amma shekarunsa nawa? Ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya fara zuwa, kuma banki na son ya gama karɓar kuɗinsa kafin albashi ya tsaya. Ɗan shekara 45 shekara 15 ce ta rage masa, ba 30 ba. Da 60,000 a wata, abin da zai samu miliyan 7 ne da ɗan ɗoriya. Kuma albashin da za ka rubuta shi ne wanda ke faɗowa asusunka bayan an gama cire-cire, ba wanda ke jikin takardar ɗaukar aiki ba. Idan akwai bashin babur ko na kayan azumi da ake yanka, banki zai gani a bayanan asusunka da kuma rahoton hukumomin tattara bayanan masu bashi, ko da kai ka manta ka faɗa wa kalkuleta.

Abin da ba ta da gurbinsa kwata-kwata shi ne rayuwar magidanci a ƙasar nan. Ba ta san kana riƙe da mahaifiya da ƙanne biyu a makaranta ba, ba ta san ragon layya ba, balle 'yar da za a aurar baɗi. Kashi ɗaya bisa uku iyaka ce ta banki. Taka iyakar wataƙila ba ta kai nan ba, kuma kai kaɗai ka san ta.

Akwai kuma kuɗaɗen da ake kashewa kafin a miƙa maka makulli. Na farko kuɗin kafin alƙalami, wanda a bankunan kasuwanci kan kai kashi 20 zuwa 30 na farashin gidan. Tun 2022 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta ba da dama mai asusun fansho ya yi amfani da har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara don biyan wannan, idan ya cika wata 60 ana zuba masa, amma ka tuna guzurin tsufanka ne kake ragewa. Sai kuɗin ƙiyasta darajar gida, da na lauya, da na binciken takardu a ofishin filaye irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, da harajin hatimi, da inshorar gobara da ta rai, da la'adar dillali. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a jinginar da fili mai shaidar mallaka, shi ma da kuɗinsa da jiransa. Gidan da ba shi da komai sai takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu kuwa, da wuya banki ya karɓe shi jingina, komai kyan amsar da wayarka ta ba ka.

Da yawa daga cikin masu karatu za su ce su ba ruwansu da bashi mai ruwa, kuma suna da hanya. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, kuma irin waɗannan bankuna suna amfani da tsarin murabaha, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da ribar da aka sani, ko ijara, inda kake biyan haya har gidan ya zama naka. Hukuncinsu na malamai ne, a tambaye su. Ta fuskar aljihu dai tambayar ba ta canza ba: nawa ne a wata, nawa ne gaba ɗaya, kuma shin kuɗin hayar zai iya hawa nan gaba?

A yi hattara da shafukan bogi. Lissafin bashi ba ya buƙatar sunanka ma, balle lambar BVN ko NIN ko lambobin katin cirar kuɗinka. Duk shafin da ya ce sai ka sa waɗannan kafin ya nuna maka sakamako, ko ya ce ka ci nasara ka biya kuɗin fom ta wani asusu mai sunan mutum, rufe shi. Haka duk manhajar da ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka don ta yi maka lissafi.

Kuma kada a ɗauki fashin biya da wasa. Tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin Babban Banki da ya ba wa banki damar cire bashinsa daga sauran asusun da ke haɗe da BVN ɗinka a wasu bankunan idan ka gaza biya, ban da gidan kansa da ke jingine. Don haka idan ka gama gwaje-gwajenka a waya, ka je bankin da ƙafarka, ka nemi a ba ka jadawalin biya cikakke a takarda, da jerin duk kuɗaɗen da za a caje ka, da tarar jinkiri, da abin da zai faru idan ka so biyan bashin kafin lokacinsa. Ka koma gida ka kwatanta da abin da kalkuleta ta nuna. Idan alƙaluman suka saɓa, kada ka sa hannu sai an yi maka bayanin inda bambancin ya fito.