Tsofaffin sandunan golf da ba sa rufa wa ɗan wasa asiri

A filayen golf na Amurka da Birtaniya da Japan akwai wasu 'yan wasa da suka juya wa sababbin sanduna baya, suka koma ga ƙirarrun sandunan ƙarfe irin waɗanda aka yi yayi daga shekarun 1950 zuwa 1980.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, waɗannan tsofaffin sanduna sun fi na zamani wuyar wasa nesa ba kusa ba. Sai dai masu riƙe da su na cewa wuyar ce ta ja su.

Ƙira da zubi

Dokar golf ta amince wa ɗan wasa ya shiga fili da sanduna 14. Fiye da rabinsu galibi masu kan ƙarfe ne, waɗanda ake amfani da su wajen cilla ƙwallo zuwa kusa da rami.

A da, ƙera kan sandar ake yi. Akan sa guntun ƙarfe mai taushi a wuta har ya yi jajir, sannan a yi ta dukansa da babbar gudumar inji har ya ɗauki siffa, kana ma'aikaci ya wasa shi da hannu. Aikin bai yi nisa da na maƙeri da uwar maƙera ba.

Kan da ake samu ƙarami ne, siriri kamar ruwan wuƙa, bayansa a cike, kuma nauyinsa ya taru a bayan wurin da ya kamata ƙwallo ta taɓa. Kamfanonin Wilson da MacGregor da Ben Hogan na Amurka, da Mizuno na Japan, su ne suka yi suna a wannan sana'a.

Canji ya zo ne ta hannun Karsten Solheim, wani injiniya haifaffen Norway da ya yi aiki a kamfanin General Electric kafin ya duƙufa kan kamfaninsa na Ping. Tun a shekarun 1960 ya fara rarake bayan kan sandar, yana mai da nauyin zuwa gefuna.

Daga bisani ya koma ga zubi, wato a narka ƙarfe a zuba shi cikin mazubi, abin da ya sauƙaƙa yin kowace irin siffa, ya kuma rage tsada. Sandarsa mai suna Eye2, wadda ta fito a 1982, ta samu karɓuwar da ta sauya kasuwar baki ɗaya.

Inda bambancin yake

Idan ƙwallo ta taɓa gefen sanda maimakon tsakiya, kan sandar yakan ɗan murɗe, ƙarfin bugun ya ragu, ƙwallo ta kauce hanya. Sandar da nauyinta ke gefuna ba ta murɗewa da sauƙi, don haka ko da bugu bai yi kyau ba ƙwallo kan kai kusa da inda aka nufa.

Tsohuwar sanda ba ta da wannan rangwame. Kuskuren da bai wuce faɗin ɗan yatsa ba ya isa ya rage nisa sosai, kuma ɗan wasa zai ji girgizar ƙarfen har cikin tafin hannunsa, musamman a lokacin sanyi. Idan kuwa bugun ya faɗa daidai tsakiya, sai ya ji tamkar bai taɓa komai ba.

Wannan ne ya sa masu son ta ke ɗaukarta a matsayin malamar da ba ta san sassauci ba. A ganinsu, tana shaida wa mutum nan take inda ya yi kuskure, tana kuma ba ƙwararre damar lanƙwasa ƙwallo dama ko hagu yadda ya so.

Akwai kuma batun lamba. Fuskar tsohuwar sanda mai lamba 7 takan kishingiɗa da kimanin digiri 38 zuwa 40, yayin da ta wasu sandunan zamani masu wannan lamba ba ta wuce digiri 30 ba. Saboda haka wani ɓangare na ƙarin nisan da ake tallatawa ya samo asali ne daga sauyin abin da lambar ke nufi.

Bugun Hogan

Ba a cika maganar waɗannan sanduna ba tare da an ambaci Ben Hogan ba. A watan Fabrairun 1949 motarsa ta yi karo da wata babbar bas a jihar Texas, ya sha munanan karaya. Watanni 16 bayan haka, a gasar US Open ta 1950 da aka yi a filin Merion, ya isa ramin ƙarshe da ƙafafu a naɗe da bandeji.

Ya zaro sanda mai lamba 1, wadda ta fi kowace wuyar sarrafawa, ya aika ƙwallo kan dandalin ramin, ya yi kunnen doki da mutum biyu, washegari kuma ya doke su. Sandar ta ɓace bayan bugun, sai a farkon shekarun 1980 ta sake bayyana, aka kai ta gidan tarihin hukumar golf ta Amurka, USGA, a jihar New Jersey.

Manyan 'yan wasa ba su rabu da wannan siffa gaba ɗaya ba. Tiger Woods ya lashe gasar Masters ta 1997 da ƙirarrun sandunan Mizuno, ya sake lashe ta a 2019 da irinsu na TaylorMade.

Gwaninta ko kayan aiki?

Masu koyar da golf da dama ba sa ba sabon shiga shawarar ya fara da tsohuwar sanda, domin tana iya sa shi ya yanke ƙauna ya bar wasan. Ga kuma lalurar tsufa: tsatsa, da gogewar tsagogin da ke fuskar sandar, da lanƙwashewar ƙarfen mai taushi, wanda sai an riƙa kai shi gyara. Abin da ke jan wasu shi ne araha, don sau da yawa cikakken jerin tsofaffi bai kai kuɗin sabuwar sanda guda ba.

Muhawarar dai ta wuce batun sanda. A watan Disambar 2023, USGA da takwararta R&A da ke garin St Andrews a Scotland sun ba da sanarwar sauya ƙa'idar gwajin ƙwallo domin rage nisan da take zuwa, bayan shekaru ana kokawa cewa kayan wasa na neman fin ƙarfin tsofaffin filaye.

Tambayar da hukumomin biyu ke fama da ita, ita ce wadda mai tsohuwar sanda ke yi wa kansa a kowane bugu: nawa ne rabon hannu a cikin nasara, nawa ne kuma rabon ƙarfe?