Taya Na Gogar Madigadi: Maganganun Gareji da Abin da Awo Ya Nuna

Duk wanda ya sauke motarsa ƙasa ya kuma ɗaura mata faffaɗan rim ya san wannan ƙarar. Ana hawa tudun rage gudu, ko an ɗauki mutum uku a baya, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe za a shiga gida, sai a ji ƙurrr daga wajen taya. Kafin ya kai gareji ya riga ya sha shawarwari. Mai faci ya ce iska ce, mai gyaran bodi ya ce a kawo ya bubbuga, abokai kuma su ce haka duk motar da aka sauke take yi, a rabu da ita. Mafi yawan maganganun nan suna da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma abin da ya sa suke yaɗuwa ke nan. Matsalar ita ce taya tana iya goga a wurare daban-daban, kuma maganin da ya dace da wani wurin shi ne yake ƙara lalata wani.

Saboda haka kafin a karɓi shawarar kowa, a nemo inda take gogar. A ɗaga motar da jak, a cire tayar, a haska ciki da tocila. Inda roba ta ci ƙarfe za a ga wurin yana sheƙi, fentin ya goge. Idan robar da ke lulluɓe cikin madigadi ce, za a ga ta yi sumul ko ta huje. A duba jikin tayar ita ma: zane siriri da ya zagaye kafaɗarta ta waje aikin leɓen madigadi ne, goguwa a gefen ciki kuma shokozoba ce ko wani ƙarfen ƙafar mota. In ba a ga komai ba, a goga alli a kafaɗar tayar, a zaga unguwa da lodi a baya, a dawo a ga inda allin ya koma.

Magana ta farko da ake yawan ji ita ce rim ɗin ya yi girma, wai inci 18 ba na wannan motar ba ne. Wannan rabin gaskiya ne ma da ƙyar. Abin da ke cika ramin madigadi shi ne tsayin taya gaba ɗaya, rim da robarsa. Ɗauki 205/55R16, girman da Corolla da Golf da yawa ke zuwa da shi: tsayinta kusan milimita 632 ne. Taya 225/40R18 tana da 637, bambancin milimita 5 kacal duk da rim ya ƙaru da inci biyu. Amma idan aka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ba a sami wannan ba, mai shago ya ce ga 235/45R18 ai duk ɗaya ne, to an ɗauko taya mai milimita 669. Ta fi ta asali da kusan 37, wato samanta ya matso kusa da madigadi da milimita 18 tun kafin a taɓa sifirin. Agogon gudu ma zai riƙa yi maka ƙarya, yana nuna 100 kana kan 106. Abin da aka saba bi shi ne kada sabuwar taya ta zarce ta asali da fiye da kashi 3 cikin 100.

Abin da ya fi girman rim laifi shi ne wata lamba da mutane kaɗan ke dubawa. A bayan rim, galibi a jikin ɗaya daga cikin ƙafafunsa, za a ga an buga ET da lamba, kamar ET45 ko ET35. Shi ne ofset, tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa mota, a milimita. Lambar na raguwa, rim na fitowa waje. A ce motarka ta zo da rim mai faɗin inci 7, ET45, ka sayo mai inci 8.5, ET35. Ƙarin faɗin inci ɗaya da rabi ya rabu biyu, milimita 19 ciki, 19 waje. Raguwar ofset ta tura komai waje da 10. Sakamakon: bakin rim ya fito waje da milimita 29, ya kuma matsa ciki wajen shokozoba da 9. A motar da ba a sauke ba wataƙila a tsira, domin akwai sarari a sama. Da zarar an sa sifirin saukewa irin na Eibach ko H&R, waɗanda galibi ke rage tsayi da milimita 25 zuwa 40, leɓen madigadi ya sauko daidai kan kafaɗar tayar da ta leƙo. Wannan lissafin na minti biyu da an yi shi a shago, da an huta da rabin wahalar.

Daga nan ne maganar sifesa take fitowa, wato faifan ƙarfen da ake sakawa tsakanin rim da mota. Ana cewa yana maganin guga. Yana yi, idan gugar ta ciki ce. Sifesa mai milimita 5 yana mayar da ET35 ya zama ET30, ya janye tayar daga shokozoba. Idan kuwa leɓen waje take ci, ka ƙara tura ta bakin wuƙa ne. Kuma duk kaurin da sifesa ya ci, daga tsawon zaren da noti ke kamawa ya ci shi, don haka mai kauri yana buƙatar dogayen kusoshi, ya kuma zauna daram a kan cibiyar ƙafar, in ba haka ba sitiyari ya riƙa rawa a kan gudu.

Zancen iska kuwa babu abin ɗauka a ciki. Rage ta yana sa gefen taya ya yi tumbi ya ƙara faɗi, ya kuma ɗauki zafi a kwaltar watan Afrilu. Cika ta fiye da ƙima ba ya matsar da ita daga madigadi, sai dai ya cinye tsakiyarta.

Akwai masu cewa a bar ta, za ta ci wa kanta hanya. Idan robar cikin madigadi ce kaɗai take taɓawa a ƙarshen sitiyari, maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba, ko da yake ya fi kyau a ɗumama robar da na'urar hura zafi a danna ta ciki, ko a datse ɗan wurin, domin a wasu motocin wayoyin lantarki suna bi ta bayanta. Idan ƙarfe ne, ba a jira. Leɓen madigadi ba ya gajiya kafin roba, kuma gefen taya shi ne wurin da ya fi rauni a jikinta, wurin da faci ba ya riƙewa. Balle idan tayar ta Kwatano ce da ta riga ta kwana biyu. Haka nan in aka ga alamar guga a jikin tiyon birki, motar ba ta sake hawa titi sai an gyara.

Naɗe leɓen madigadi shi ne maganin da ya fi suna, kuma gaskiya ne yana aiki ga gugar waje. Leɓen nan ƙarfe ne da aka lanƙwasa ciki a kwance; idan aka naɗe shi sama ya manne da bango, an sami 'yan milimitoci a daidai inda ake buƙata. Inda ake kuskure shi ne yadda ake yi. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a mazaunin taya, mai hannu da ƙaramar gargare a kai, ana kai ta ana kawowa a hankali, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan, wani kuma yana ɗumama fentin don kada ya tsage. Guduma da sanda suna iya lanƙwasa ƙarfen, amma su bar bodi da ƙwarya-ƙwarya, fenti ya fashe, damina ta zo tsatsa ta shiga. Kafin a fara a ƙwanƙwasa wurin a ji. Motar da ta taɓa yin haɗari aka cike ta da fila, filar za ta ɓare. Wasu kuma ba ƙarfe ba ne sam: madigadin gaban Peugeot 307 roba ne, babu abin naɗewa. Yanke leɓen baya da injin yanka shi ne na fi ƙi, domin a nan ne aka haɗa ƙarfen waje da na ciki da ɗigon walda, ana yanke shi an raba su.

Sai kamba, kwantar da saman taya zuwa ciki. Ita ma gaskiya ce, kuma ana iya auna ta: a taya mai tsayin milimita 632 da muka ambata, digiri ɗaya yana shigar da samanta da kusan milimita 5 da rabi. Abin da ake zuzutawa shi ne wai kowace kamba tana cinye taya. Digiri ɗaya zuwa biyu ba shi ne babban mai laifi ba. Abin da ke gama taya cikin 'yan watanni shi ne hancinta ya karkata ciki ko waje, tana tafiya tana jan ƙasa a kaikaice, kuma saukar da mota yana canza wannan saitin ko ba a taɓa komai ba. Wanda ya sauke mota bai kai ta alaimen ba, shi ya cinye tayarsa. Irin kwantarwar nan ta wuce gona da iri da ake gani a hotunan motocin Japan, ado ne na wurin baje koli, ana sayensa da ƙarfin birki. A Japan ɗin ma, motar da tazararta da ƙasa ta gaza santimita 9 ba ta wuce binciken hukuma.

Ɗame siririyar taya a kan faffaɗan rim yana janye kafaɗarta daga madigadi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma kowace taya tana da iyakar faɗin rim da masu ƙera ta suka amince da shi. 225/40R18 tana zama a kan inci 7.5 zuwa 9, 205/55R16 kuma 5.5 zuwa 7.5. A cikin iyakar nan babu damuwa. A wajenta, bakin rim ya zama tsirara, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi ko ya ɓalle tayar daga mazauninta.

Masu cewa a sa shokozoba mai tauri sun faɗi abin da ke aiki a kan tudu, inda motsi yake da sauri. A doguwar kwana ko da lodi, sifirin ne ke yanke iyakar nutsewar mota, shi da ɗan robar nan da ke jikin sandar shokozoba mai tare ta kafin ta kai ƙarshe. Masu yanke sifirin da wuta sukan jefar da wannan robar, sai ƙafar ta riƙa shigewa har taya ta daki rufin ramin. A mayar da ita. Idan kuma motar tana kan koyiloba, wato shokozoba mai zaren daidaita tsayi, a murɗa a ɗaga ta da milimita 10. Ido da wuya ya lura, amma sau da yawa ƙarar tana ɗaukewa, a titunanmu kuwa tukunyar man inji ma ta samu sauƙi. Bayan kowane canji a koma alaimen, a sake gwajin alli da mutane a kujerar baya, a kuma sake ɗaure notocin taya bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.