Doguwar Tafiya a Mota Mai Ɗaki: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Duk wanda ya girma a bakin titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Dambatta da Kazaure zuwa Daura, in dai shekarunsa sun haura hamsin, yana iya tuna wasu motoci da kan gangaro daga arewa a lokacin hunturu. Sukan zo buɗu-buɗu da ƙura, an ɗaure musu jarkoki da tayoyi a sama, da labule a tagogi, da Turawa a ciki. Matafiya ne da suka mayar da mota gida, suka baro ƙasashensu watanni da dama, suka keto Sahara. Yanzu ba a ganinsu a wannan titi, amma a Turai irin wannan tafiya sai bunƙasa take yi: a Jamus kaɗai, motocin da aka yi wa rajista don wannan aiki sun haura 900,000 a farkon shekarar 2024. Daga nesa abin yana kama da 'yanci marar iyaka. Idan aka matso kusa, sai a ga tafiya ce da ke rataye a kan ruwa da wurin kwana da takardu, kamar yadda fatauci yake a da.

Mece ce mota mai ɗaki?

Mota ce da aka tsara cikinta domin a zauna. Akwai gado, da murhun gas, da ƙaramin firiji, da tankin ruwa, da tebur, kuma a yawancinsu har da makewayi. Faransawa suna kiranta kampin-kar, kuma da wannan suna aka fi saninta a Nijar. Ta bambanta da ɗakin da ake ɗaura wa wata mota a baya tana ja, domin ita injinta da makwancinta a jiki ɗaya suke. Ƙaramar cikinsu ba ta wuce bas ɗin haya da ke jigila tsakanin Bichi da Kano ba. Babbar kuwa tana kai mita 7 ko 8 a tsawo.

Wadda ta fi suna a tarihi ita ce Kombi ta kamfanin Volkswagen, wadda aka fara ƙerawa a 1950. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Westfalia na Jamus ya fara sa mata kayan ɗaki. Ita ce dai Kombin da 'yan Najeriya suka sani a matsayin motar fasinja. Inda direbanmu ya jera kujeru, can sai suka shimfiɗa katifa.

Me ya sa ta yaɗu a Turai?

Dalili na farko ma'aikata ne masu hutun da ake biya, da tsofaffi masu fansho da ba ya yankewa. Mutumin da ya yi ritaya yana da shekara 65, da lafiyarsa, kuɗi na shigo masa duk wata, shi ne ginshiƙin wannan harka. Na biyu tsadar masauki da abincin saye, wanda mai girki a motarsa ya huta da su. Na uku buɗe iyakoki, wanda za a yi bayaninsa a gaba.

Akwai kuma sanyi. Da kaka ta wuce, dubban tsofaffi daga Jamus da Holan da Faransa sukan nufi kudancin Sifaniya da Fotugal, wasu su sa motocinsu a jirgin ruwa su tsallaka Maroko, su zauna a gefen Agadir har sanyin ƙasarsu ya sauka. Manomin karkarar Kano zai gane wannan tsari, domin yana da kama da cin rani: a bar gida idan lokacinsa ya yi wuya, a dawo idan ya gyaru. Sai dai ɗan cin rani nema yake fita yi, su kuwa abin da suka tara suke ci.

Yadda rayuwa take tafiya a ciki

Komai a wannan mota a ƙididdige yake, kuma ruwa ne kan gaba. Tankin yawancinsu yana ɗaukar kimanin lita 100, wato jarka huɗu irin ta 'yan garuwa. Da shi za a sha, a yi girki, a wanke kwanuka, a watsa a jiki. Mutum biyu masu tattali sukan kai kwana uku ko huɗu. Musulmin da zai yi alwala sau biyar a rana sai ya sa wannan a lissafinsa tun daga farko. Ruwan da aka yi amfani da shi ba a zubar da shi a ƙasa, yana taruwa ne a tanki na biyu a ƙarƙashin motar. Makewayin kuma yana da akwati da ake zarewa, mai cin kusan lita 20, wanda kan cika cikin kwana biyu zuwa uku. Saboda haka duk bayan 'yan kwanaki dole a nemi wurin da doka ta yarda a juye ƙazanta a ɗebi ruwa mai kyau. Wannan bukata, fiye da sha'awar matafiyin, ita ce take tsara masa hanya.

Wuta tana zuwa daga batir na biyu, wanda aka raba da na tayar da inji domin kada fitila da firiji su shanye shi a wayi gari mota ta ƙi tashi. Ana cajinsa yayin tuƙi, ko da faifan sola a rufin motar, ko a jona waya a zango. Gas kuwa yana da tasa matsalar: bakin tukunyar gas ta Jamus bai dace da ta Faransa ko Sifaniya ba, kuma ba kasafai ake musanya tukunyar wata ƙasa a wata ba. Masu doguwar tafiya sukan sa tukunyar da ake yi wa ɗuri a gidan mai.

Sai nauyi. Lasisin tuƙi na gama-gari a Turai ya tsaya a kilo 3,500, da mota da duk abin da ke cikinta. Yawancin waɗannan motoci sun kusa kilo 3,000 tun ba a sa musu komai ba. Abin da ya rage bai wuce nauyin buhun gero biyar ba, kuma a ciki ne za a lissafa mutane da ruwa da gas da guzuri. 'Yan sanda suna da ma'auni, wanda ya zarce kuma tara ce.

Zango: ina ake kwana?

Kalmar da ta fi dacewa da wurin kwanan waɗannan matafiya ita ce zango, inda ayarin fataken goro kan sauke kaya a hanyar Gwanja. Zangon Turai iri uku ne. Akwai babban sansani na kuɗi, mai wuta da wurin wanka da na wanki. Akwai ƙananan filaye da hukumomin garuruwa suke warewa, musamman a Faransa da Jamus da Italiya, inda ake samun famfo da ramin juye ƙazanta kyauta ko da kuɗi kaɗan. Garuruwan suna yin haka ne da lissafi, domin baƙon da ya kwana zai sayi burodi da safe.

Na ukun shi ne ya fi dacewa manomi ya lura da shi. Tun farkon shekarun 1990 akwai wani tsari a Faransa mai suna France Passion, inda manoma da masu lambu suke barin mota ta kwana ɗaya a gonarsu ba tare da biyan ko sisi ba. Sharaɗin shi ne baƙo ya zo da ruwansa da makewayinsa, ya yi sallama idan ya iso, ya yi bankwana idan zai tafi, ya tafi da shararsa. Ba dole ne ya sayi komai ba, amma da yawa sukan sayi zuma ko cuku ko ƙwai. Tsari ne mai kyau, domin ya bar iko a hannun mai ƙasa.

Kwana a inda aka ga dama kuwa, yawancin ƙasashe sun taƙaita shi ko sun hana. Ko a Suwidin da Nowe, inda al'ada ta ba kowa damar kafa tanti a daji, damar ta mai tafiya a ƙasa ce, ba ta ba mota izinin barin hanya ba. A Fotugal, bayan koke-koken mazauna bakin teku game da shara da bahaya a fili, an tsaurara doka a 2021. Garuruwa da yawa sun gitta ƙarfe a ƙofar wuraren ajiye motoci, mai tsayin kimanin mita 2, don kada doguwar mota ta shiga. Mazauna suna da gaskiya a nan. Mota ɗaya baƙuwa ce, amma hamsin a bakin rafi guda sun zama unguwa marar masai.

Takardu da ƙidayar kwanaki

A 1985 wasu ƙasashe biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar buɗe iyakoki a ƙauyen Shengen na Luksambag, ta fara aiki a 1995. Yau ƙasashe 29 ne a ciki, kuma ana wucewa daga wannan zuwa waccan ba tare da shingen duba fasfo ba. Ɗan Tarayyar Turai yana iya yawo a ciki shekara da shekaru. Baƙo kuwa kwana 90 yake da shi a cikin kowane kwana 180, kuma ƙasashen duka ana ƙirga su tamkar ɗaya. Wanda ya shiga ranar 1 ga Afrilu bai fita ba, dole ya bar yankin ranar 29 ga Yuni, ya yi wasu kwana 90 a waje kafin ya dawo. Tun 2021 wannan doka ta hau kan Turawan Ingila ma, bayan ficewarsu daga Tarayyar. Shi ya sa masu tafiyar shekara guda sukan tsallaka Turkiyya ko Albaniya ko Maroko su jira kwanaki su cika.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi biza tun daga gida, ya biya Yuro 90, ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar kuɗi da ta masauki. Sayen mota ma yana da wuya ga baƙo, domin rajista tana bukatar adireshi a ƙasar, don haka haya ce ta fi sauƙi. Inshorar mota tsakanin ƙasashe tana tafiya da koren kati, takwaran katin ruwan ƙasa na ECOWAS da direbobin Kano zuwa Maraɗi suka sani. Ban da wannan akwai kuɗin titi, kamar takardar shekara ta faran 40 a Suwizalan, da dokar hayaƙi da ta hana tsofaffin motocin dizal shiga tsakiyar birane irin su Balin tun 2008.

Hanyar da ta biyo ta Kano

Turawan da aka ambata a farko sun ɗauki wannan salon tafiya ne suka miƙe da shi kudu. Mota ta fara keta Sahara a ƙarshen 1922, lokacin da ayarin kamfanin Citroën ya tashi daga Aljeriya ya isa Tambutu a watan Janairun 1923. Daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980 hanyar ta cika da matafiya. Sukan tsallako teku zuwa Aljeriya ko Tunisiya, su yi kusan kilomita 2,000 zuwa Tamanrasat, daga nan su shiga rairayi na kimanin kilomita 400 zuwa iyaka. Sai Asamaka, sai Arlit, sai Agadas, sai Tanut, sai Damagaram, su shigo Najeriya ta Matamaye da Kwangwalam. Wasu a Kombi suke, wasu a Land Rover, wasu ashirin-ashirin a manyan motocin kamfanoni irin su Encounter Overland na Landan. Akwai kuma masu tuƙo tsofaffin Peugeot 504 su sayar a Nijar su koma a jirgi. Kowace mota tana ɗauke da kundin kwastan da ke lamunce cewa za a fitar da ita daga ƙasar da ta shiga. Lokacinsu daga Nuwamba ne zuwa Maris, kafin zafin bazara.

A hamada mutum yana kwana inda dare ya riske shi. Da ya doso Kano sai lamarin ya juye. Wannan yanki yana cikin karkarar da ta fi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, kuma masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, ana ciyar da ita da taki. A nan gona tana manne da gona. Ko da rani, bayan an girbe gero da dawa an tara kara, kowane fili da mai shi, kowace ɗorawa da kuka da gawo an san na wane ne, burtali kuma hanyar shanu ce. Baƙon da ke son kwana sai ya yi abin da baƙo yake yi tun zamanin fatake: ya yi sallama, a kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, a nuna masa inda zai tsaya da rijiyar da zai ɗebi ruwa. Yawancinsu sukan zarce birni, zuwa sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai, inda suke gyaran mota da canjin kuɗi kafin su nufi Maiduguri ko Jos, su shiga Kamaru, wasu har Nairobi.

Abin da ya yanke hanyar

Tsaro ne ya yanke ta. Tawayen Abzinawa a arewacin Nijar daga 1990 zuwa 1995 da yaƙin basasar Aljeriya da ya ɓarke a 1992 sun tsayar da zirga-zirgar. Ta ɗan farfaɗo a ƙarshen shekarun 1990, sai a 2003 aka sace Turawa 32 'yan yawon buɗe ido a hamadar Aljeriya. Tawaye ya sake tashi a Nijar a 2007, aka soke tseren motoci na Dakar a 2008, rikicin Boko Haram kuma ya toshe mafitar gabas ta Maiduguri. Masu jagora a Agadas da makanikai da maƙeran azurfa sun rasa kasuwa mai yawa.

Abin mamaki, titin kansa ya fi da kyau. Babbar hanyar Aljiyas zuwa Legas, mai kimanin kilomita 4,500, yawancinta an shimfiɗa mata kwalta. Amma Baturen da ke son zuwa Afirka ta Yamma da motarsa a yau gaɓar tekun Atilantika yake bi, ta Maroko da Muritaniya zuwa Senegal, sannan ya biyo gaɓar teku ta Gana da Togo da Binin, ya shiga Najeriya ta kudu.