Ko Kun Sani? Maganin Ƙurajen Fuska da Haɗarinsa ga Mai Juna Biyu

Isotretinoin, maganin da ake sha domin ƙurajen fuska masu tsanani waɗanda ke barin tabo, yana cikin rukunin retinoid, wato magungunan da suka samo asali daga bitamin A. Amurka ta amince da shi a 1982, kuma aikinsa shi ne rage maiƙon da fata ke fitarwa, abin da ke sa leɓɓan mai shansa su bushe har su tsattsage. Sai dai haɗarinsa ga mai juna biyu ba ƙarami ba ne, domin yana lalata halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da kunnuwan ɗan tayi, shi ya sa ba a ba mace shi sai an gwada ba ta da ciki, kuma wajibi ne ta guji ɗaukar ciki har wata guda bayan ta daina sha.