Injiniyoyin da ke hana na'urorin tauraron ɗan'adam yi wa juna kutse

Duk wanda ya taɓa ajiye wayar salula kusa da rediyo a wani shago na kasuwar Jimeta ya san ƙarar nan da ke tasowa kafin kira ya shigo. Dalili shi ne kowace na'urar lantarki tana fitar da igiyoyin da ido ba ya gani, wayoyin da ke cikin maƙwabciyarta kuma su cafke su kamar eriya. A doron ƙasa abin bai wuce ɗan ɓacin rai ba. A sararin samaniya kuwa, yana iya salwantar da tauraron da aka kashe biliyoyin naira a kansa.

Fannin injiniyancin da ke magance wannan matsala shi ne jituwar na'urorin lantarki, wanda masana ke taƙaita sunansa da EMC. Tauraron sadarwa akwati ne guda da aka cusa wa abubuwan da ba sa ga-maciji da juna: na'urar aika saƙo mai ƙarfin gaske, da na'urar karɓa wadda dole ta jiyo raunanan sigina daga nisan kusan kilomita 36,000, ga batura da kwamfuta. Aikin injiniyan shi ne gano inda kutsen ke fitowa, da hanyar da yake bi, da na'urar da zai cutar. Daga nan sai ya lulluɓe wata da ƙarfe, ya sanya wa wata matata, ya raba wayoyin wuta da na saƙo. Tunda babu ƙasar da za a kafa wa wayar kariya kamar yadda ake yi a gidaje, jikin tauraron ne ke maye gurbinta. Kafin harbawa, ana gwada komai a wani ɗaki mai bangon ƙarfe da aka manne wa soso mai tsini, domin kada igiyoyi su shigo daga waje ko su yi amsa-kuwwa a ciki.

Akwai kuma tartsatsin nan da kan ɗana mutum idan ya taɓa ƙofar mota lokacin hunturu. Irinsa na taruwa a jikin tauraro. A watan Afrilun 2010, tauraron Galaxy 15 na kamfanin Intelsat ya daina karɓar umarni daga ƙasa, ya yi ta gantali yana barazanar kutse ga maƙwabtansa har zuwa Disamba, kuma binciken kamfanin ya ɗora laifin a kan irin wannan tartsatsi.

Nijeriya ma ta san zafin asarar tauraro. NigComSat-1, wanda aka harba daga Sin a 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 sakamakon matsalar faifan hasken rana. Ba kutse ne sanadi ba, amma ya nuna cewa abin da ya lalace a can babu bakaniken da zai je gyara. Sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R. A wannan shekarar ce kuma aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin hukumar NASRDA suka haɗa da hannunsu a kamfanin Surrey da ke Ingila.

Ga ɗalibin Adamawa, hanyar ba daga nesa take farawa ba. Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Yola, tana koyar da injiniyancin lantarki, karatun shekara biyar ga wanda ya ci Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Turanci. Darasin filayen lantarki da maganaɗisu, wanda ɗalibai kan yi kuka da wuyarsa, shi ne ginshiƙin sana'ar. Wanda ya haddace shi don jarrabawa kawai ya rufe wa kansa ƙofa. Ƙwarewar kanta akan same ta ne a digiri na biyu ko a bakin aiki, sai kuma rajista da majalisar COREN.

Gaskiya guraben aikin tauraro a ƙasar nan ba su da yawa, kuma galibinsu suna Abuja, a NASRDA da kamfanin NIGCOMSAT. Sai dai ilimin bai tsaya a sama ba. Hukumar NCC tana tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, kamfanonin waya na fama da kutse a turakunsu, asibitoci na da na'urorin da ba sa jure shi, haka nan rediyon da hasumiyar filin jirgin saman Yola ke magana da matuƙa da shi dole ya kasance garau a duk lokacin da jirgi ke shirin sauka.